A yi mana bayanin hasken da ido ba ya gani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Jos, kuma na ji daɗin hoton da kuka buga na ginshiƙan ƙura na sararin samaniya da na'urar hangen nesa ta James Webb ta ɗauko a 2022. Sai dai da na kai jaridar aji, wani ɗalibina ya ce ai zane ne, tunda an ce launukan ba na ainihi ba ne. Shakkarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

Hasken da na'urar take kamawa, wato infirared, ba sabon abu ba ne. A shekarar 1800 William Herschel ya raba hasken rana zuwa launukan bakan gizo, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya hau. Na sa ɗalibin ya danna rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya, ya ga ɗigon haske yana ƙyaftawa, ya yi shiru. Masana suna ba wa irin wannan haske launi ne domin idonmu ya iya karanta shi, amma abin da ke cikin hoton yana nan.

Duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san yadda hazo yake shanye duwatsun Shere, rana ta koma ja kamar garwashi. Jan haske ya fi iya ratsa ƙura, infirared kuwa ya fi shi. To, taurari a cikin gajimaren ƙura da iskar gas masu tsananin sanyi ake haifarsu, inda nauyi yake tattara su har tsakiya ta kama wuta. Waɗannan ginshiƙai, da haskensu ke shafe kimanin shekara 6,500 kafin ya iso mu, wata na'urar hangen nesa mai suna Hubble ta ɗauke su a 1995 suna nan duhu. Webb ce ta leƙa ciki ta nuna jariran taurari birjik. Saboda wannan aiki aka kai ta nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, aka yi mata laima mai hawa biyar, don kada ɗuminta ya rufe abin da take nema. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, daga irin wannan ƙura aka samu duniyar da muke takawa.

Roƙona shi ne ku ware shafi ko da sau ɗaya a wata, ku gayyato masana daga hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, da ke Abuja da jami'o'inmu su yi bayani da Hausa. Su fara da Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda kakanninmu suke nuna mana a tsakar gida, domin su ma taurari ne matasa da aka haifa a gajimare ɗaya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani malamin kimiyya, Jos