Wasiƙar Godiya Ga Masu Kula Da Dandalin Tunawa Da Harin 7 Ga Agusta A Nairobi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan August 7th Memorial Trust,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne domin in miƙa godiyata a bainar jama'a saboda abin da idona ya gani a dandalin da kuke kula da shi a mahaɗar titin Moi da titin Haile Selassie, inda ofishin jakadancin Amurka yake kafin ranar Juma'a, 7 ga Agusta, 1998.

A safiyar wannan rana ce 'yan ƙungiyar Alƙa'ida suka tayar da bam ɗin da suka ɗauko a babbar mota, mutane fiye da 200 suka rasa rayukansu, wasu sama da 4,000 kuma suka jikkata. Amurkawa 12 ne a cikin mamatan, mafi yawansu kuwa 'yan Kenya ne masu neman abincinsu, har da ɗaliban makarantar koyon aikin sakatare da ke cikin ginin Ufundi, wanda ya rufta a kansu. Wannan gaskiyar ce bangon dutsen da kuka sassaƙa sunayensu a kai yake tsarewa tun da aka buɗe wurin a shekarar 2001, kuma ita ce ta tsayar da ni a gabansa ina karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, har na manta da sauran sabgogin da suka kawo ni birnin.

Mu a wajenmu ba a saba gina wa mamaci abin tunawa ba, addu'a muke bin sa da ita, kuma ban ga aibin hakan ba. Sai dai ni mutumin Kano ne, ina sane da abin da ya auku a Babban Masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda aka kashe masallata fiye da 100, kuma na lura cewa idan shekaru suka ja, adadi kaɗai yake saura a bakin jama'a, sunaye kuwa sai a gidajen da aka yi rashin.

Ina yaba wa ma'aikaciyar da ta zagaya da ni ɗakin adana hotuna da kayan tarihi, domin ta yi bayani cikin natsuwa, ba ta ɗora laifin wasu tsiraru a kan wani addini ba. Haka kuma na ji daɗin yadda kuka bar wurin a buɗe ga kowa, ciyawa a gyare, ma'aikatan ofisoshin da ke kusa suna shigowa su huta a inuwa da rana, kusa da sassaƙen da aka haɗa da ɓaraguzan da harin ya bari.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba iyalan waɗanda suka rasu haƙuri, ya kuma sauƙaƙa wa waɗanda suka rasa idanunsu a ranar.

Naku cikin girmamawa,
Wani baƙo daga Kano