Ni da mijina duk muna da HIV, zan iya ba shi ƙodata?

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Dan Allah a sakaya sunana.

Ni da maigidana shekara tara kenan muna ɗauke da HIV, muna shan magani ba fashi, yaranmu biyu kuma Allah ya kare su ba su da ita. To bara ne ƙafafunsa suka fara kumbura, ga kasala ga amai, da aka yi gwaji aka ce ƙodojinsa duka biyu sun gaza. An cire masa tenofovir daga cikin magungunansa saboda yana iya taɓa ƙoda, amma aikin gama ya gama. Yanzu wankin ƙoda ake masa sau uku a sati, awa huɗu kowane zama, in ya dawo ko magana ba ya iyawa sai kwanciya, mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya.

Da na kawo maganar dashe wani ma'aikacin lafiya ya ce min wai ba a yi wa mai HIV, tunda maganin da ake sha bayan dashe danne garkuwar jiki yake, shi kuma dama tasa ba ƙarfi. Wallahi ranar ban runtsa ba. Sai na shiga bincike a waya, na ga tun 2008 wata likita Elmi Muller ta fara dasa ƙodar masu HIV ga masu HIV a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, Amurka ma ta yi dokar da ta halatta hakan a 2013, har a 2019 wata mata mai HIV da ranta da lafiyarta ta ba da ƙoda a asibitin Johns Hopkins. Sharaɗin da na gani ga wanda za a yi wa dashen shi ne CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki, ya wuce 200 kuma ba a ganin ƙwayar cutar a jini, kuma duka biyun maigidana ya cika.

Ga inda na rasa yadda zan yi. Ƙaninsa ya ce shi zai bayar, har kuka ya yi, amma duk danginsa ba wanda ya san halin da muke ciki, kuma maigidan ya rantse gara ya mutu a kan injin wanki da a ji. Ni kuma zuciyata ba ta yarda a yanka bawan Allah a cire masa ƙoda muna ɓoye masa gaskiya ba. Shi ya sa na ce to ni mana, tunda abu ɗaya ke jikinmu.

Amma ina tsoro Likita. In na rage da ƙoda ɗaya ga HIV ga maganin da zan sha har ƙarshen rayuwa, ba zan bi sahunsa ba, wa zai riƙe yaran? Na kuma ga cewa jikin mai HIV ya fi saurin ƙin karɓar sabuwar ƙoda, kuma magungunan HIV irin su ritonavir ba sa jituwa da tacrolimus, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashe don kar jiki ya ƙi ƙodar, to sai an sake canza masa magani kenan?

In kuwa ƙanin nasa ne ya fi dacewa, dole ne sai an faɗa masa? Da wane baki zan shawo kan maigida ya amince? Jibi ma muna da wanki, ina sauraron amsarki.

Ƙanwarki mai bibiyar shirinki.