Mu Ƙera Samfurin Motocin da Sojojinmu Suka Tuƙa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani aikin hannu da na shafe shekara goma sha ɗaya ina yi a ɗakina da ke Aboabo, a nan Kumasi, wato harhaɗa ƙananan samfuran tankokin yaƙi da motocin soja da yi musu fenti. Mutane da dama a Zango, idan suka leƙo suka tarar da magidanci ya sunkuya a kan 'yar motar da ba ta cika tafin hannu ba, sukan ɗauka kayan wasan yara yake yi, kuma ba na ganin laifinsu tunda ba su san abin ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani giɓi da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: kusan duk samfurin da ke zuwa hannunmu na rundunonin Turawa ne, alhali motocin da iyayenmu da kakanninmu suka tuƙa a Habasha da Burma da Kwango da Labanan ba a ganin su a teburin kowa da irin alamomin da suka ɗauka a hannun mutanenmu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, samfurin yakan zo ne a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, an zuba shi da roba mai tauri, kowane ɓangare yana maƙale a jikin firam tare da lambarsa, ga kuma takardar da ke nuna yadda za a bi su daki-daki. Kwali ɗaya na iya ƙunsar ɓangarori ɗari biyu ko fiye, wasu ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, sai da hantsaki ake ɗaukar su. Komai a kan ma'auni yake. Wanda ya fi yaɗuwa a wajen motocin soja shi ne 1/35, ma'ana santimita ɗaya a jikin samfurin yana tsaye ne a madadin santimita 35 a jikin motar gaske, don haka tankar Sherman ta Amurka, wadda tsawonta ya kusa mita shida, takan dawo kimanin santimita 17. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ne ya yaɗa wannan ma'auni tun daga farkon shekarun 1960, lokacin da ya fitar da samfurin tankar Panther ta Jamus. Akwai kuma 1/72, wanda ya fi ƙanƙanta da araha, kuma da shi nake ba sabon shiga shawarar ya fara. Gam ɗin da ake amfani da shi ma daban yake da na takarda ko na takalmi, domin narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu guda, shi ya sa ɗigo ɗaya da ya zarce zai iya cinye zanen ƙofa ko ya bar shaidar yatsa har abada.

Duk wanda ya duba jerin kayan waɗannan kamfanoni zai ga tankar Tiger da Panther da T-34 da Sherman iri-iri, har mutum ya gaji da ƙirgawa. Ni ma da su na koyi aikin, kuma ban raina su ba. Amma wata rana na kai 'ya'yana gidan tarihin soja da ke cikin tsohon sansanin Kumasi, wanda Turawan Ingila suka sake ginawa a 1897, aka kuma yi masa ƙawanya a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, kafin a mayar da shi gidan tarihi a farkon shekarun 1950. Muna tsaye a gaban motocin sulke da igwoyin da aka ajiye a farfajiyar, sai babban ɗana ya tambaye ni me ya sa babu ko ɗaya daga cikinsu a kan kantar ɗakina. Tambayar ta tsaya mini a rai, domin kakana direban soja ne, ya je Burma ya dawo, ga shi kuma ni na iya bambanta tankokin Jamus da ido rufe amma ban taɓa ƙera motar da ya tuƙa ba.

Ya kamata mu Hausawan Zango mu san cewa wannan tarihi namu ne kai tsaye. Rundunar da ta zama tushen sojan Ghana ta samo asali ne daga dakarun da Turawa suke kira na Hausa a ƙarni na 19, Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki, kuma taken rundunar Gold Coast da Hausa aka rubuta shi: Kullum Shiri. Barikin Uaddara da ke nan Kumasi ya ci sunan wani fagen daga ne a Habasha inda sojojin ƙasar nan suka gwabza da na Italiya a 1941, kamar yadda Burma Camp a Accra da barikin Kaladan a Tamale da na Myohaung a Takoradi suke tuna yaƙin Burma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ne suka je Burma. Tambarin ta 81 baƙin gizo ne a kan rawaya, wato Ananse na Asantawa, wanda yake daidai da Gizo na tatsuniyoyinmu, na ta 82 kuwa mashi biyu ne aka gitta a kan gammo, domin a dazukan Arakan na Burma da ka ake ɗaukar yawancin kayan yaƙi.

Da wannan na yanke shawarar ƙera jif ƙirar Willys, irin wadda runduna ta 81 ta sare wa hanya a cikin duwatsu zuwa kwarin Kaladan. A ma'aunin 1/35 tsawonta bai kai santimita goma ba. Harhaɗawar ta ɗauke ni sati biyu, amma fentin ya ci wata guda, kuma a nan ne ainihin sana'ar take. Na fara da fentin share fage mai ruwan toka don ya fito da duk wata tsaga da ta rage, sannan na bi da koren soja sau uku, kowane shafi an tsinka shi sosai, saboda fenti mai kauri yakan binne kan ƙusoshi da layukan ƙofa. Bayan ya bushe na tsinka fenti mai launin ƙasa mai duhu da tina, wato ruwan tsinka fenti, har ya zama kamar ruwan shayi, na bar shi ya gangara cikin lunguna ya zauna inda inuwa da datti suke zama a motar gaske. Daga nan na tsoma buroshi a kore mai haske, na goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, na riƙa shafa shi sama-sama a gefuna don su nuna alamar gogayya. Tambarin gizon kuwa babu shi a cikin kwalin, sai da na zana shi da kaina a kan murabba'in rawaya da bai kai ƙwayar wake ba, da tsinken sakace da na fiƙe da reza, ina duba ta gilashin ƙara girma. Sau huɗu ina gogewa kafin ƙafafu takwas ɗin su zauna. Da na kai wa gwaggona, 'yar autar kakan nawa, ta daɗe tana juya motar a hannunta, sannan ta ce ta san wannan gizon, domin yana jikin wata tsohuwar rigar da mahaifinta ya ajiye a ƙasan akwati har ya rasu.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci a kan wannan aiki, wanda littattafan Turawa ba sa ambata. A hunturu fenti yakan bushe tun yana bakin buroshi, ƙura kuma ba ta jin ƙofa; na taɓa barin samfuri ɗanye a kan tebur na fita sallar la'asar, na dawo na tarar da shi kamar an barbaɗa masa garin masara, dole na kankare na sake. Tun daga ranar nake kifa masa roba mai murfi da zarar na ajiye buroshi. Da damina kuwa laima ce ke hana shi bushewa. Amma ƙasar tamu tana ba da abin da wasu ke saya da tsada a cikin kwalba: jar ƙasar hanyoyinmu, idan aka shanya ta aka tankaɗe da rariyar shayi, aka kwaɓa da ɗan farin gam irin na kafinta, babu abin da ya kai ta fitar da kamannin motar da ta sha tafiya a hanyar arewa. Da ita na yi wa tayoyin Ferret ado, ƙaramar motar sulke mai taya huɗu da kamfanin Daimler ya ƙera daga 1952 zuwa 1971, wadda sojan Ghana ya yi aiki da ita, kuma kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da samfurinta a ma'aunin 1/35.

Na san abubuwan da ake faɗa. Wasu suna ganin wannan ɗaukaka yaƙi ne, ni kuwa abin da na gani akasin haka ne, domin mai ƙera samfuri na gaskiya sai ya karanta, wanda ya karanta kuma zai ci karo da ɗacin labarin. Zai san cewa sojojin da suka dawo daga Burma sun tarar da alkawuran da ba a cika ba, har aka harbe uku daga cikinsu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, ranar 28 ga Fabrairu 1948 a Accra, suna kan hanyar kai kokensu ga gwamna. Zai kuma san cewa yawancin aikin sojan Ghana a waje bayan samun 'yanci na kiyaye zaman lafiya ne, tun daga Kwango a 1960 zuwa Labanan da Laberiya da Ruwanda, inda dakarunmu a ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho suka tsaya a 1994 lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu. Farar motar Majalisar Ɗinkin Duniya mai haruffan UN ta cancanci wuri a kan kanta fiye da tankar Tiger ta goma. Wasu kuma suna tambaya ta fuskar addini, saboda 'yan mutum-mutumin sojoji da ke zuwa a wasu kwalaye. Ni dai motoci kaɗai nake ƙerawa, ina barin kujerar direba babu kowa, kuma hakan bai rage wa aikin komai ba.

Maganar tsada gaskiya ce. Sai dai mu yi oda ta intanet ko mu roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga Turai, kuma sau da yawa kuɗin dako yakan kai kuɗin kayan. Amma wannan bai isa ya zama uzuri ba a garin da yake da Suame Magazine, inda makanikai da masu walda da masu fentin mota suke sake ƙera abin da aka ce ya mutu. Yaron da ya iya yanka gwangwani ya yi motar langa-langa mai sitiyari, ko ya haɗa motar kara, ya riga ya mallaki hannun. Abin da ya rage masa shi ne ma'auni da haƙuri. Idan aka ba shi tef ya auna motar gaske, aka koya masa raba kowane awo gida 35, zai iya fitar da ita daga fallen roba da wayar jan ƙarfe da gwangwanin madara ba tare da ya jira kwali daga Japan ba, kuma a hanya zai koyi lissafi da zanen injiniya da za su amfane shi a kowace sana'a.

Saboda haka ina kira ga hukumar gidan tarihin soja na Kumasi da ta duba yiwuwar ware rana ga ɗalibai su zo su auna motocin da ke farfajiyar su zana su, ta kuma ba da ɗan wuri a baje abin da suka ƙera. Ina kira ga malaman makarantun fasaha da shugabannin matasan Zango, daga Asawase zuwa Sawaba, su ɗauki wannan a cikin abin da suke koya wa yara a lokacin hutu. Babban roƙona kuwa yana ga iyalan tsofaffin sojoji: hotunan da ke ƙasan akwatunanku, waɗanda ake ganin baba ko kaka a jingine da mota, su ne kaɗai za su nuna mana lamba da tambari da yadda ake ɗaure kaya a jikinta. Idan wannan jarida za ta riƙa buga irin waɗannan hotuna da izinin masu su, ni a shirye nake in zauna da duk yaron da yake so ya koya, ranar Asabar bayan azahar, mu fara da motar da kakansa ya tuƙa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi