A ɗaga iyakar albashin da ba a cire wa haraji a Kamaru

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin 'yan majalisarmu na jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, waɗanda suke zama a Yawunde kowane watan Nuwamba don duba daftarin kasafin kuɗi, wanda a cikinsa ne gwamnati take shigar da duk gyaran da take son yi wa dokar haraji.

Tun daga Fabrairun 2023 hanya guda gwamnati take bi: ta ƙara kuɗin mai, sannan ta rarrashi ma'aikata da ƙarin albashi. A waccan shekara litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati kashi 5.2 cikin 100. A Fabrairun 2024 lita ta kai 840, aka sake ƙara kashi 5, aka kuma ɗaga alawus ɗin yara daga sefa 2,800 zuwa 4,500 ga kowane yaro a wata. Ba na raina wannan, balle barin kananzir a kan sefa 350 da aka yi. Sai dai fetur ya hau da kashi ɗaya bisa uku, albashi kuwa da ƙyar ya haura kashi 10, kuma irin wannan ƙari mai ƙiba yake ƙara wa ƙiba, domin mai ɗaukar dubu 500 ya samu dubu 25, mai dubu 60 ya tashi da dubu 3.

Inda ya kamata a taɓa shi ne harajin albashi. Shekara da shekaru ke nan doka tana yafe haraji ga wanda albashinsa bai kai sefa 62,000 a wata ba, kuma wannan iyaka tana nan inda aka aje ta, alhali tun 2023 mafi ƙarancin albashi a yawancin kamfanoni masu zaman kansu ya koma 60,000. Ke nan ma'aikaci yana ɗan ɗagawa daga matakin ƙarshe sai haraji ya riske shi. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar albashin malamin makarantar kuɗi ko direban kamfani ya ga yadda ake tsakurar ta layi-layi: kashi 4.2 na asusun fansho na CNPS, kashi 1 na asusun lamunin gidaje, kuɗin rediyo da talabijin na ƙasa, kuɗin raya ƙaramar hukuma, sannan harajin kansa. Abin da ya rage shi zai kai kanti, a can ma harajin saye na kashi 19.25 yana jiransa a kan kaya da dama.

Mu a Arewa nauyin ya fi yawa, saboda jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa, daga nan sai manyan motoci su ɗauko siminti da shinkafa zuwa Garwa da Marwa da Kusuri, kuma mai saye ne yake biyan kuɗin man kowace tafiya. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe bakin titi, wanda da shi 'yan acaɓa suke samun sauƙi, shi ma ya yi tsada tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023.

Shawarata ita ce a ɗaga iyakar nan zuwa aƙalla sefa 100,000, a kuma rubuta cikin doka cewa za a riƙa sake duba ta gwargwadon hauhawar farashi. Ƙarin albashin da aka yi ma'aikatan gwamnati kaɗai ya shafa, amma sassaucin haraji zai isa ga duk mai takardar albashi, ko a ma'aikatar gwamnati yake ko a masana'antar auduga. Na san baitulmali zai rasa wani abu, don haka ina roƙon wakilanmu su nemi Ministan Kuɗi ya faɗa wa majalisa nawa ne asarar, a auna ta da rangwamen harajin da ake yi wa manyan kamfanoni, kafin su kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.

Wani malamin makaranta,
Garwa, Kamaru