A Daina Mayar Da Kiɗan Cikin Fim Aikin Daren Ƙarshe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da daraktoci da furodusoshi da 'yan'uwanmu masu zaman situdiyo kan kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fim, musamman finafinai masu dogon zango da suka cika tashoshin talbijin da YouTube. Ba waƙar rawa muke nufi ba, wannan tana da masu kula da ita, kuɗi kuma ana zuba mata. Muna nufin kiɗan da ke tafiya a hankali lokacin da uwa ke jiran labari a bakin ƙofar asibiti, ko lokacin da ɓarawo ke tsallake katanga. An sami ci gaba a hoto, an sami ci gaba a haske da sutura, amma shi wannan kiɗa har gobe a daren ƙarshe ake tunawa da shi. Sai an gama tace hoto, gobe za a kai wa tasha, sannan a miƙa wa yaron situdiyo a ce ya "sa ɗan sauti". Shi ya sa za ka ji kukan fiyano iri ɗaya a wurin rasuwa da wurin saki da wurin da aka sace akuya.

Aikin yana farawa ne da zama ɗaya wanda bai kamata a tsallake shi ba. Darakta da mai tace hoto da mai kiɗa su zauna gaban fim ɗin bayan an kammala yanka, su kalla daga farko har ƙarshe da takarda a hannu. Kowane wuri da kiɗa zai shiga a rubuta lambarsa, da minti da daƙiƙa da firem ɗin da zai fara (firem shi ne kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo), da inda zai mutu, da abin da ake son mai kallo ya ji a ransa. A rubuta kuma wuraren da aka yarda ba za a sa komai ba. Kashi guda mai minti 45 ba ya buƙatar kiɗan minti 45. A ganinmu minti 15 zuwa 20 ya wadatar da yawancin labaran gida, sauran a bar wa magana da kukan kaji da ƙarar tabarya. Inda ake karatun Alƙur'ani ko kiran salla ko addu'ar gawa, shiru ne kawai ya dace, kuma abin kunya ne a ce sai mai kallo ne zai tuna mana da haka.

Bayan wannan zama kada a sake taɓa hoton. Idan mai tacewa ya cire daƙiƙa uku a minti na biyar bai faɗa ba, duk kiɗan da ke bayan wurin ya goce da daƙiƙa uku, gangar da aka shirya ta faɗi tare da mari sai ta faɗi bayan an gama kuka. In dole sai an canza, a aiko da sabon hoto da bayanin inda aka yanke da yawan firem ɗin da aka cire.

Akwai lambobi biyu da ya kamata mai kiɗa ya tambaya kafin ya ɗora yatsa a kan fiyano. Na farko, firem nawa ne a daƙiƙa. Talbijin ɗinmu a Nijeriya 25 ne, sinima 24, wasu kyamarori kuma suna ɗauka a 23.976 ba tare da mai riƙe da su ya lura ba. Wanda ya yi kiɗa a kan hoton 25, daga baya aka sassauta hoton ya koma 24, kowane minti ɗaya na hoto ya zama daƙiƙa 62 da rabi, kafin a kai ƙarshen doguwar fitowa kiɗa ya riga hoto isa gida. Na biyu, ma'aunin ɗaukar sauti. Aikin bidiyo a 48 kHz ake yin sa, wato na'ura na auna sautin sau dubu 48 a daƙiƙa, amma situdiyon waƙa da yawa sun saba da 44.1 na faifan CD. Idan manhajar tace hoto ta karanta 44.1 a matsayin 48 ba ta juya shi ba, kiɗan zai ƙara gudu da kusan kashi tara cikin ɗari, na minti ɗaya ya ƙare a daƙiƙa 55, murya kuma ta sirance kamar an shaƙe mawaƙin. A buɗe aikin a 48 kHz da bit 24 tun farko, a miƙa shi a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba. Abin da aka tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya an riga an matse shi, ba ya dawowa.

Daidaita kiɗa da hoto lissafi ne mai sauƙi. A gudun bugu 100 a minti, kowane bugu daƙiƙa 0.6 ne, wato firem 15 daidai a hoton 25. A ce fitowar tana da daƙiƙa 48, kuma a daƙiƙa ta 36 ne mijin zai turo ƙofa ya tarar da abin da ake ɓoye masa. Bugu 80 ke nan gaba ɗaya, gaɓa 20 masu bugu hurhuɗu, turo ƙofar kuma zai faɗo a kan bugun farko na gaɓa ta 16. Nan ne za a canza sauti, ko a katse komai ɗif. In lissafin bai faɗo daidai ba, a ɗan motsa gudun zuwa 98 ko 103 har ya zauna. Wuri ɗaya ko biyu ake kamawa haka a fitowa. Wanda ya ce sai ya bi kowane ɗaga gira da ganga, ya mayar da fim mai nauyi wasan yara.

Inda muka fi son a tsaya a yi tunani shi ne zaɓen kayan kiɗa, don a nan ne mu mutanen Zazzau ba mu da uzuri. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama uwa da makarɓiya a situdiyon finafinan Hausa, kuma ya yi aikinsa, ba mu raina shi ba. Amma kunnen Bahaushe yana fassara kayan gargajiya kafin ma a yi magana. Kakaki na sarki ne, ba a busa wa kowa. Wanda ya saba jin sa a ƙofar fada a Birnin Zariya ko a hawan salla, da ya ji an busa wa wani attajiri yana fitowa daga mota zai san mai kiɗan baƙo ne a al'adarsa. Tambari ma haka. Kotso da taushi na makaɗan fada ne irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Kalangu ya faro daga mahauta, ya shiga dambe, Shata ya kai shi ko'ina. Shantu da ƙwarya na mata ne a cikin gida, sarewa tana kai hankali ruga, gangar noma tana kai shi gona, garaya da goge kuma ga mutane da yawa suna tuno bori, don haka wanda ya sa su a ƙarƙashin malami yana wa'azi ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Bandiri na zikiri ne, kada a ɗauko shi don kawai sautinsa ya yi daɗi.

Ga wani abu kuma, kalangu magana yake yi. Abin da ɗan situdiyo ya ji a matsayin kiɗa mai daɗi, ta yiwu taken wani ne, ko kirarin mahauta, ko habaici. A tambayi makaɗin me gangar take cewa kafin a ɗauka. In ana son take na musamman ga jarumin labari, a ba makaɗin sunansa da halinsa ya yi masa sabo, gajere, wanda bai wuce daƙiƙa biyar ba. Wannan ɗan taken shi ne jarin fim mai dogon zango: a kaɗa shi da ƙarfi ranar da ya yi nasara, a ja shi a hankali da gurmi ranar da ya karye, a sako rabinsa kawai lokacin da ake zancensa ba ya nan. Bayan kashi huɗu ko biyar mai kallo zai riƙa gane shi tun daga ɗakin girki.

Ɗaukar waɗannan kaya tana da nata sharuɗɗa. Algaita da goge da kukuma ba a kan ma'aunin fiyano aka gina su ba, don haka a fara ɗaukar su, sannan a saita fiyano ya bi su. In aka yi akasin haka aka tilasta su da manhajar gyaran murya, laushin da ya sa aka nemo su shi ne zai fara tafiya. Fatar ganga tana bin yanayi: da hunturu ta ɗame ta yi sama, da damina ta saki ta yi ƙasa, shi ya sa taken da aka ɗauka a Janairu ba zai haɗu da wanda aka ƙaro a Agusta ba. A ɗauki duk abin da zangon zai buƙata a zama ɗaya ko biyu, kowane take a gudu uku, mai sanyi da matsakaici da mai zafi. Makirufo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga bakin kalangu, amma algaita a ja shi baya mita ɗaya zuwa biyu, a karkata shi gefe. Kakaki ba kayan ƙaramin ɗaki ba ne, a fita da shi fili da sassafe. A bar wa sauti sarari, ƙololuwarsa kada ta wuce desibel -6 a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar, don abin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Gurnanin nan na wuta da ke shiga waya, a kan 50 Hz yake, wato girgiza 50 a daƙiƙa, da ninkinsa 100 da 150, yawanci daga rashin wayar ƙasa ko janareta; gara a kashe janareta a ɗauka da batir da a zo ana kankare shi daga baya. Situdiyon da ke da rufin kwano kuwa, in hadari ya haɗo a tashi kawai.

In akwai waƙar take, marubucinta ya tuna Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kai na jiki da kai na wanda ake magana da shi, karin sauti ne ya raba su; gari na mutane da gari na tuwo, tsawon wasali ne. Karin waƙar da aka aro daga Indiya ko Turkiyya aka cusa masa kalmomin Hausa yakan ja gajere ya gajarta dogo, har a rasa me ake cewa. A fara furta baitin da baki kamar magana, a ji inda murya ke hawa da sauka, sannan a gina karin a kansa. Haka makaɗan da suka gabace mu suka yi, shi ya sa ba a tambayar me suka ce.

Wajen haɗawa, magana ce sarauniya. Fahimtar kalmomi tana zaune ne tsakanin 1 zuwa 4 kHz a ma'aunin kauri da sirantar sauti, kuma nan ne algaita da goge da manyan muryoyin fiyano suke zaune su ma. In ana magana, ko dai a ajiye su, ko a rage musu wannan yanki da desibel uku zuwa biyar, a sauke kiɗan gaba ɗaya ya koma ƙasa da magana da desibel 15 zuwa 20. A ɗaga shi a tsakanin jimloli, a hankali, ba tsalle ɗaya ba. Ma'aunin ƙarfin sauti da tashoshin Turai suke bi, wanda ake kira EBU R128, shi ne -23 LUFS, YouTube kuwa yana sauke duk abin da ya haura kusan -14, don haka cika ƙara ba ta ƙara komai sai gajiyar da kunne. A tambayi tashar da za a kai wa ma'auninta, a fitar da kwafi biyu. Kafin a miƙa, a saurara da lasifikar waya mai araha, don da ita mafi yawan masu kallo daga Samaru zuwa Tudun Wada za su ji shi. Waya ba ta fitar da sauti mai kauri sosai. Fargabar da aka gina a kan gurnanin ƙasa kaɗai za ta ɓace, sai an ɗora mata wani abu a sama, ko da kaɗa kuge ne a hankali. A ajiye magana daban, kiɗa daban, sauran ƙararraki daban. Ranar da wata tasha ta so juya fim ɗin zuwa wani harshe, wanda ya cakuɗa su wuri ɗaya ya rasa cinikin.

Saura batun haƙƙi. Kiɗan da aka tsinto daga fim ɗin waje, na'urar Content ID ta YouTube tana gane shi, kuɗin tallan kashin ya tafi ga mai shi ko a rufe bidiyon. Na gida ma ba na banza ba ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa da kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Shata ya rasu a 1999, ke nan iyalinsa ake nema kafin a sa muryarsa a fim. Dokar ta kuma ce sallama haƙƙi sai a rubuce. Saboda haka furodusa da mai kiɗa su yi takarda ko da shafi ɗaya ce: nawa za a biya, kashi nawa ne, sayarwa aka yi ko haya, na zango ɗaya ne ko har abada, an yarda a yi talla da shi ko a'a. Makaɗin gargajiyar da aka kira shi ma a rubuta sunansa a ƙarshen fim, a biya shi kuɗin aiki, ba kuɗin goro ba.

Muna kuma kira ga Sashen Wasan Kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ya riƙa haɗa ɗalibansa da masu situdiyon Sabon Gari da makaɗan Birni a bita ta kwana biyu ko uku, a ba kowace ƙungiya fitowa ɗaya mai minti biyu ta yi mata kiɗa, a kalla tare a yi gyara. Furodusoshi kuma su ware wa kiɗa aƙalla kwana huɗu ga kowane kashi, su sa shi a kasafi tun ranar da ake lissafin kuɗin kyamara da abincin lokeshan.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu haɗa kiɗan fim,
Sabon Gari, Zariya.