Rahoton kwamitin tagogi: an gama canza gilasan ɓangaren titi

Assalamu alaikum jama'ar gida, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Aikin tagogi dai Alhamdulillahi ya kammala, ma'aikata sun kwashe tsaninsu da tarkacensu sun tafi, to kamar yadda muka yi alƙawari ranar da aka naɗa kwamitin nan, ga bayanin abin da aka yi da dalilin yin sa da kuma abin da ya saura. Wanda yake da ƙorafi don Allah ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, wataƙila amsarsa tana ciki.

Matsalar kowa ya san ta ba sai an ja zance ba. Ginin namu yana bakin babban titi, ɗakunan da ke kallon hanya kwanciya kawai ake yi a cikinsu amma barcin kirki babu, ga gurnanin manyan motoci ga hon ga ƙarar taya da ba ta yankewa dare da rana. Kuma abin ya wuce damuwa kawai, lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 1999 ta ba da shawarar kada ƙarar cikin ɗakin barci ta wuce desibel 30 da dare (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), sannan a 2018 ofishinta na Turai ya ce hayaniyar titi a waje ya kamata ta tsaya ƙasa da desibel 53 idan an haɗa yini da dare, da dare kuma ƙasa da 45, saboda alaƙarta da rashin barci da ciwon zuciya. Titi ba za mu iya ɗauke shi ba, bango kuma mai kauri ne ba shi da laifi sosai, shi ya sa aka tsaya a kan taga, don ita ce wuri mafi rauni a jikin gini.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya sai da muka ɗauko injiniya mai sanin harkar sauti muka zaga da shi ɗaki ɗaki. Tsofaffin tagogin gilashi ne falle ɗaya mai kaurin milimita 4, irin wanda ake turawa gefe ya zame a kan layin alminiyam. Abin da ya fara yi ya ba wasunmu dariya, takarda ya yago ya sa a bakin taga ya rufe sannan ya ja, takardar ta zaro salin alin ba ta ko tanƙware ba. Ya ce duk inda takarda ta wuce iska za ta wuce, inda iska ta wuce kuwa ƙara ta riga ta shiga. Robar da ke kewaye da gilashin ta bushe ta tsattsage, in ka taɓa ta sai ta marmashe a yatsanka, a wani ɗakin ma da aka ɓamɓare filastar gefen firam sai ga rami da hannun yaro zai shiga, tun lokacin gini aka cusa takardar buhun siminti aka shafe. Lissafin da ya yi mana shi ne, ɓula da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na faɗin taga ba ta isa ta hana tagar rage sama da desibel 20, ko da wane irin gilashi ka sa. Wannan maganar ita ta juya tunanin kwamitin gaba ɗaya.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne zaɓen gilashi, kuma nan za mu ɗan tsaya saboda har yanzu akwai masu tambayar me ya sa ba a sayi mai falle biyu na gama gari ba tunda ya fi sauƙi. Da yawanmu mun ɗauka falle biyu ai ya ninka falle ɗaya, ashe ba haka abin yake ba. Gilashi mai falle biyu da kowanne yake milimita 4 da 'yar iska a tsakani, don tsare zafi da sanyi aka ƙera shi, a wajen ƙara kuwa abin da yake ragewa kusan desibel 29 ne, daidai da falle ɗaya mai milimita 4. Dalili kuwa fallen biyu masu kauri ɗaya tare suke karkarwa, iskar da ke tsakaninsu ta zama kamar sifirin tana miƙa motsin daga wannan zuwa wancan, kuma wannan raunin a kan ƙara mai kauri yake faɗawa, wato rugugin injin babbar mota, ainihin abin da ke hana mu barci. Bayan haka kowane kaurin gilashi yana da irin sautin da yake bari ya wuce cikin sauƙi, na milimita 4 da nasa, na milimita 6 da nasa daban, to in ka haɗa masu kauri ɗaya ka tara rauni biyu a wuri guda, in ka bambanta su kuwa wannan ya toshe inda wancan ya gaza. Falle uku ma wani ya kawo shawararsa, aka duba aka ga in dai duk kaurinsu ɗaya ne nauyi kawai za a ƙara, kunne ba zai ji wani bambanci na a zo a gani ba. Haka iskar agon da ake ɗurawa a tsakanin fallen, wadda masu sayarwa ke ta kurantawa, ita ma maganin zafi ce ba ta ƙara ba.

Akwai wani abu da muke so kowa ya riƙe ko don gaba. A takardar bayanin gilashi za ka ga lamba da aka rubuta Rw a gabanta, ita ce yawan desibel ɗin da gilashin ke ragewa a gwaji, sai wata ƙaramar lamba a gefe mai alamar Ctr wadda ake cirewa daga ta farko in ƙarar titi ake magana. Mai milimita 4 da 4 ɗin nan, in ka cire nasa sai ya koma wajen 25. Mai milimita 10 da 6 kuwa yana farawa daga 35 ya tsaya a wajen 32. Masu kawo kaya babbar lambar kawai suke nuna maka, sai ka tambaya ake fito da ƙaramar, wani ma sai ya fara sosa ƙeya.

Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne falle na waje milimita 10, tazarar milimita 16, sai na ciki mai milimita 6.8 wanda shi kansa gilasai biyu ne masu milimita 3 da aka manne da wata siririyar leda mai laushi a tsakiya, ledar ce ke shanye karkarwar, kuma ko ya fashe ba ya tarwatsewa, abin da ya kwantar da hankalin masu ƙananan yara. Irin wannan haɗin yana kaiwa wajen desibel 40 a lambar Rw. Kada lambar ta yi muku kaɗan, ragin desibel 10 a kunnen mutum kamar an rage rabin ƙarar ne. Sai dai nauyi, gilashi kowane milimita ɗaya kilo 2.5 ne a murabba'in mita, kenan mun tashi daga kilo 10 mun koma wajen kilo 40, tsohon firam ba zai ɗauka ba ko kusa, dole aka canza firam da hinji duka. An kuma bar salon turawa gefe aka koma mai buɗewa kamar ƙofa, saboda shi in ka murɗa hannun yana matse robar ta ko'ina, mai zamewa kuwa dole a bar masa 'yar sarari da zai yi tafiya.

Ɗakunan hawa na ƙasa daban aka yi musu. Bangonsu yana da zurfi sosai a wajen taga, don haka aka gyara tsohuwar tagar aka sake mata roba, sannan aka ƙara wata sabuwa daga ciki da tazarar santimita 15 tsakaninsu. Masu wannan ɗakunan da farko sun ga kamar an yi musu ƙwange, amma gaskiyar magana su suka fi kowa morewa, don tazara mai faɗi irin wannan ta fi maganin rugugin manyan motoci fiye da duk wani gilashi mai falle biyu da za a haɗa a firam ɗaya. Wahalarsu kawai wajen gogewa ce, fuska huɗu maimakon biyu.

Wajen ɗaurawa mun sa ido sosai, kusan kullum akwai ɗan kwamiti a tsaye. Sharaɗin da muka kafa wa ɗan kwangila shi ne ba a shafe gefen kowace taga sai ɗayanmu ya gani da idonsa, an cika ramin da ke tsakanin firam da bango da audugar gilashi an danna ta sosai, an bi da silikon ciki da waje ba tare da yankewa ba. Ma'aikatan sun so su fesa kumfar nan mai kumbura su wuce don ta fi sauri, injiniya ya hana a dogara da ita kaɗai, ya ce ba ta da nauyi, iska take tarewa amma ƙara tana ratsa ta. An samu tangarɗa sau ɗaya, wani kaso na gilasan da aka kawo wa hawa na sama da aka auna sai aka ga duka fallen kaurinsu ɗaya ne, ba abin da aka rubuta a yarjejeniya ba kenan. Kamfanin ya ce kuskuren loda kaya ne, mu dai ba mu ja ba, mun ce a mayar, aka mayar aka kawo na daidai ba tare da an ƙara mana ko sisi ba. Wannan ne ya jawo jinkirin da 'yan sama suka yi ta ƙorafi a kai, muna ba su haƙuri da ƙurar da suka sha.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi ba mu tsoro, don taga mai kyau in an buɗe ta ta zama rami kawai, in kuma an rufe ruf ɗaki ya yi turiri, bango ya fara damshi. An sa 'yan ƙananan mashigar iska a saman kowace taga, irin masu lanƙwasa a ciki da aka shimfiɗa wa abin shanye sauti, iska tana shiga a hankali amma ƙarar tana mutuwa a hanya. Ba za mu ɓoye muku ba, lokacin zafi ba za su wadatar ba, mai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki zai ji daɗi, wanda ba shi da su shawararmu ya riƙa buɗe tagogin bayan gida waɗanda ba sa kallon titi. Kuma don Allah a daina toshe mashigar da tsumma, mun ga an fara a wasu ɗakunan.

Sakamako kam kowa kunnensa ya ba shi labari. Shuuu ɗin taya ya ɓace kusan gaba ɗaya, hon ana jin sa amma daga nesa, ana hira a falo ba tare da ɗaga murya ba, wata baiwar Allah a hawa na biyu ta ce ta rage ƙarar talabijin ɗinta fiye da rabi. Abin da bai tafi ba shi ne girgizar babbar mota mai kaya in ta taka da ƙarfi, wannan ta ƙasa da bango take biyowa, babu gilashin da zai tare ta, kuma tun farko an faɗa mana. Wani sabon abu kuma da ya ɓullo, yanzu da titi ya yi shiru an fara jin takun maƙwabci na sama da ƙarar famfonsa, da ma can suna nan hayaniyar waje ce ta rufe su. Wannan ba aikin kwamitin tagogi ba ne jama'a, a sasanta a tsakani.

Lissafin kuɗi da rasiɗai duka suna hannun ma'aji, duk mai son dubawa ƙofa a buɗe take, kuma za a karanta su dalla dalla a taro mai zuwa. An riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an ga yadda tagogin za su yi da ruwan sama, haka yarjejeniya ta tanada. Takardun garanti kowane gida zai karɓi nasa.

Abin da ya rage guda biyu ne. Ƙofofin baranda na ɓangaren titi ba su shiga wannan zagayen ba, kuma yanzu su ne babbar kafar da ƙara ke bi, duk mai irin wannan ƙofar ya kara kunnensa a ƙasanta zai gane abin da muke nufi, za mu kawo shawarar yadda za a yi da su a taro. Na biyu kula da kayan, a riƙa goge robar da ɗanyen tsumma, kada a shafa mata fenti ko man inji don suna cinye ta, kada a bar yara su riƙa lilo da tagar saboda nauyinta zai sa hinji ya saki. Wanda ya ga hannun tagarsa ya fara sakwarkwacewa, ko ya ga hazo ya taru tsakanin fallen biyu, alamar hatimin gefen ya ɓalle kenan, ya sanar da sakataren kwamiti da wuri tun garanti bai ƙare ba.

Kwamitin gyaran tagogi