Koken Iyayen Yara Kan Filin Wasan Makarantar Firamaren Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya kuma dafa maka wajen riƙon talakawanka. Mu iyayen yara ne da kakanninsu, kuma mun san talaka ba ya ɗaga murya a gaban uban ƙasa, amma abin da ya faru ranar Talatar da ta wuce ya sa haƙurinmu ya kai bango.

A ranar, bayan la'asar, yaranmu sun jera duwatsu a tsakiyar titi a matsayin raga suna buga ƙwallo, sai wani yaro ɗan shekara 7 ya bi ƙwallon da gudu, A Daidaita Sahu ya kaɗe shi, ya samu karaya a cinya. Waɗanda suka ɗauke shi zuwa asibiti sun bar silifas ɗinsa ƙafa ɗaya a bakin kwata, a nan mahaifiyarsa ta tsince shi tun kafin kowa ya iya faɗa mata. Ba ma ganin laifin direban kamar yadda muke ganin na waɗanda suka kori yaran nan daga filinsu. Abin da ya fi ƙona mana rai, ranka ya daɗe, shi ne da gari ya waye, yaron yana kwance ko ɗorin bai kama ba, tifa ta sake juye yashi a ɗan abin da ya rage na filin makarantar.

Filin nan a kansa muka yi langa da tsere da gasar gidaje ta ƙarshen zango. Da fari shaguna aka jera a jikin katanga, aka ce haya za ta taimaki makaranta, daga baya masu buga bulo suka shigo, aka tumɓuke ƙarafan raga. Mun je wajen shugaban makaranta, mun je wajen kansila, mun rubuta wa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma har mun daina ƙirga takardun, kullum amsar ita ce ana dubawa.

Wataƙila wani zai ce ai wasa ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kullum, kuma darasin motsa jiki yana cikin manhajar firamare ta ƙasar nan, amma a makarantarmu a allo ake rubuta shi, yara su kwafa suna zaune a kan tabarma. Yaron da ya riƙe ƙafa ɗaya a langa yana koyon tsayuwa da juriya, yana koyon kare ɗan uwansa har ya kai ga sha, yana kuma koyon cewa idan an kayar da shi tashi ake yi, ba a ɗauko dutse. Ahmed Musa, da ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, ya sake cin biyu a ragar Iceland a 2018, ya taka leda a Kano Pillars kafin duniya ta san shi, kuma ba a cikin aji aka koya masa gudu ba.

'Yan matanmu su ne aka fi zalunta, domin su ko titin ba sa samu. A da akwai wata malama da ke tara su ranar Alhamis a gindin darbejiya tana koya musu gaɗa da tsallen igiya da 'yar gala-gala. Ba rawar banza muke nufi ba, ranka ya daɗe. Gaɗar iyaye da kakanni ce, inda yarinya ke faɗawa baya ƙawayenta su cafe ta, ta koyi yarda da su, ta koyi tafi a kan ƙa'ida da haddar waƙa, mai yawan noƙewa ma bakinta ya buɗe. Yanzu an sare darbejiyar, yaran kuma daga makaranta sai talla ko kallon waya a ɗaka.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Hakimi, don Allah, ya sa baki a dakatar da ginin da ake shirin yi a filin tun kafin a haƙa tushe, a kwashe yashi da bulo, a mayar wa makaranta filinta. Muna roƙon a bincika wanda ya ba da izinin shagunan da inda kuɗin hayar ke tafiya. A dawo da darasin wasanni a fili, a ware wa 'yan mata ranarsu da malamarsu, a kuma sa tudun rage gudu a titin da abin ya faru. Mu iyaye mun ɗauki nauyin sharar filin da sayen ƙwallo da igiya. Amma dai, ranka ya daɗe, a fara da kwashe yashin nan, domin har yau da muke rubutun nan yaran sun koma titi.

Allah ya ƙara wa Hakimi girma da ɗaukaka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara da mazauna unguwa.